Hannun Uwaye Cikin Karatun Ƴaƴa: Labarin Ƙabilar Hmong a Amurka

Akwai wata tambaya da ke damun magidanta da yawa, ko da ba su faɗe ta a bainar jama'a ba. Uban da bai taɓa zama cikin aji ba, da uwar da ba ta iya karanta takardar sakamakon jarrabawa ba, me za su iya tsinana wa karatun ɗansu da ya kai sakandare? Wasu sukan ce iyakarsu su sayi littattafai su biya kuɗin makaranta, sauran kuwa aikin malamai ne. A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku labarin wata al'umma da wannan tambaya ta faɗo wa da dukan nauyinta, watau ƙabilar Hmong, waɗanda yaƙi ya kwaso daga duwatsun ƙasar Lawos ya zube a biranen Amurka tun daga 1975. Masana sun daɗe suna bin sawun yaransu a makarantu, saboda haka akwai abin dogaro cikin abin da za mu faɗa.

Su wane ne Hmong?

Asalin Hmong kudancin ƙasar Sin ne. A ƙarni na 19, bayan tashe-tashen hankula tsakaninsu da mahukunta, da yawansu suka gangaro kudu suka zauna a kan tsaunukan Biyetnam da Lawos da Tailan, suna noman shinkafar tudu da masara. Sun kasu zuri'a 18, irin su Vang da Yang da Lee da Xiong da Moua da Thao. Namiji ba ya aure cikin zuri'arsa, kuma dattawan zuri'a su ne ke ɗaura aure, su raba gardama, su tsaya a kan jana'iza. Tarihinsu da waƙoƙinsu da dokokinsu duk a ka suke, ana miƙa su daga baki zuwa baki. Rubutun boko na harshensu, wanda aka fi amfani da shi a yau, sai tsakanin 1951 da 1953 wasu masu wa'azin Kirista suka tsara shi. A 1959 kuma wani manomi mai suna Shong Lue Yang ya ƙago wani rubutu na daban da ake kira Pahawh.

Ita ƙasar Lawos Faransa ce ta mulke ta, amma makarantar Faransawa ba ta hau duwatsu ba sai a makare. A 1939 aka buɗe wa Hmong makarantar ƙauye ta farko a yankin Nong Het, kuma sai a 1972 ɗan Hmong na farko daga Lawos, Yang Dao, ya sami digiri na uku a birnin Paris. Mafi yawan jama'a, musamman mata, ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Daga 1961 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta ɗebi mazajen Hmong a ƙarƙashin Janar Vang Pao domin su yaƙi ƴan gurguzu, a wani yaƙi da aka daɗe ana ɓoye wa duniya. Dubun dubata suka mutu, har ta kai ana ba yara masu shekara 13 ko 14 bindiga. Da ƴan gurguzu suka yi nasara a 1975, sai gudu ya kama. Iyalai suka ratsa daji da ƙafa, suka ƙetare kogin Mekong zuwa Tailan, aka tsugunar da su a sansanoni, wanda ya fi suna cikinsu shi ne Ban Vinai, da aka rufe a 1992. Wasu aka kai su Faransa da Guyana ta Faransa, amma mafi yawa Amurka aka nufa da su. Ƙidayar jama'a ta 2010 ta sami Hmong kimanin 260,000 a Amurka, yanzu kuwa sun haura 300,000, galibinsu a jihohin Kalifoniya da Minesota da Wiskonsin.

Domin mai karatu ya gane daga inda suka faro: a ƙidayar 1990, fiye da kashi 60 cikin 100 na Hmong ɗin Amurka suna ƙarƙashin ma'aunin talauci. A ƙidayar 2000 kuma, kimanin kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 25 ba su yi makaranta ko ta aji ɗaya ba, a cikin mata ma abin ya wuce rabi. Waɗannan su ne uwayen da ƴaƴansu suka cika makarantun biranen Saint Paul da Fresno da Milwaukee.

Ƙorafin malamai

Sakandaren Amurka, wadda ta yi kusa da abin da muke kira lise, shekara 4 ce, daga aji na 9 zuwa na 12, yaro yakan shige ta yana da shekara 14 ya fita yana da 18. A can malamai suna da siffar da suka sani ta uba mai kula: shi ne wanda ke zuwa ganawar uwaye da malamai, ya amsa wasiƙa, ya buga waya ya tambayi dalilin makin da aka ba ɗansa, in ta kama ya yi gardama. Da aka auna uwayen Hmong da wannan ma'auni, sai aka ga kamar ba su nan. Ana kiran taro kujerunsu ba kowa, ana aika takarda ba amsa. Malamai da yawa suka yanke hukunci cewa mutanen nan ba su damu da karatu ba.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wasiƙar da Turanci take zuwa, kuma wanda zai fassara ta shi ne yaron da aka rubuta ta a kansa. Uba yana aikin dare a masana'anta, uwa tana aikin safe, gida kuma yakan ƙunshi mutum 6 ko fiye. In ma sun daure sun je, sau da yawa ba tafinta, sai su zauna suna kallon bakin malami, ɗansu yana gaya musu abin da ya ga dama. Hausawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, amma a gidan ɗan gudun hijira al'amari ya juya: yaro mai shekara 12 ne ke karanta wa mahaifinsa takardar haya da ta likita da ta makaranta.

Bayan haka akwai maganar ladabi. A Lawos malami mutum ne mai girma, wanda ba a tuhumar aikinsa. Uba in ya damƙa ɗansa a hannun malami, to ya gama nuna amana, zuwa kullum ana tambaya kuwa kamar zargi ne. Saboda haka shirun da malaman Amurka suka ɗauka a kan rashin kula, a wajen uwayen girmamawa ce.

Abin da bincike ya gano

Da a ce gaskiya ne uwayen ba su damu ba, da an ga haka cikin sakamakon yaran. Sai aka ga akasinsa. A 1988 masana biyu, Rubén Rumbaut da Kenji Ima, suka fitar da rahoto a kan yaran ƴan gudun hijirar kudu maso gabashin Asiya a makarantun San Diego. Uwayen Hmong su ne mafi ƙarancin karatu cikin dukan ƙabilun da aka duba, amma makin ƴaƴansu a aji ya ɗara matsakaicin makin yaran Turawa waɗanda Turanci ne harshensu na gida. A 1994 wasu masana uku, Miles McNall da Timothy Dunnigan da Jeylan Mortimer, waɗanda suka bi sawun ɗaliban sakandare a Saint Paul, suka sami kwatankwacin haka: yaran Hmong sun fi takwarorinsu daɗewa a kan aikin gida, sun kuma fi su maki.

To, me uwayen ke yi a gida wanda makaranta ba ta gani? Na farko, magana. Yaron Hmong ya tashi yana jin labarin dare a bakin Mekong, da ƴan'uwan da aka baro a hanya, da shekarun zaman sansani ana jiran rabon shinkafa. Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne: mu mun rasa ƙasa da gona, ƙarfinmu kawai muke sayarwa, kai kuma ga makaranta kyauta a gabanka. Yaron da ya ga hannun mahaifiyarsa bayan awa takwas a masana'anta ba ya bukatar dogon wa'azi a kan amfanin takarda.

Na biyu, tsaron lokaci. Uwa ba ta san abin da ke cikin littafin ba, amma ta san ƙarfe nawa ake tashi daga makaranta, ta san ƙarfe nawa ya kamata a shigo gida, ta kuma san bambancin yaron da ke karatu da wanda ke kallon talabijin. Na uku, dangi. Abin da uba bai iya koyarwa ba, wa ko ya za su koyar, wanda ya fara shiga jami'a cikin zuri'a shi ne zai cika wa ƙannensa da ƴaƴan baffanninsa takardu. In yaro ya gama sakandare ko jami'a, akan tara dangi a yi walima, dattawa su ɗaura masa farin zare a wuyan hannu bisa al'adarsu, su yi masa fatan alheri a gaban ƙanana. Da haka nasarar mutum ɗaya take zama abin koyi ga gida goma.

Abin sha'awa, binciken da aka yi daga baya a kan uwaye gaba ɗaya, ba Hmong kawai ba, ya gaskata wannan hanya. A 2009 Nancy Hill da Diana Tyson suka tattara sakamakon bincike 50 a kan yaran da suka kai shekarun kwaleji. Suka tarar abin da ya fi tafiya tare da nasarar yaro shi ne uwaye su riƙa gaya masa abin da suke tsammani daga gare shi, su haɗa masa karatun yau da sana'ar gobe, su yi shawara da shi a kan inda ya dosa. Zuwa makaranta yana da nasa amfani, amma bai kai wannan ba. Taya yaro aikin gida kuwa shi ne mafi rauni. Ashe abin da ya fi nauyi a ma'auni ba ya bukatar iya karatu.

Inda ƙarfin uwaye ya tsaya

Sai dai ba za mu yi wa mai karatu adalci ba in muka tsaya nan, domin labarin yana da ɗaci. A ƙidayar 2000, kimanin kashi 7 cikin 100 kawai na manyan Hmong ke da digirin jami'a, alhali a ƙasar baki ɗaya kusan kashi 24 ne. Wani ɓangare na wannan giɓi na tsofaffi ne da suka zo ba karatu, amma ko cikin matasa, da yawa sun gama sakandare suka tsaya, wasu suka shiga jami'a suka kasa ƙarasawa. Dalilai uku suka fi fitowa fili.

Na farko, rashin sanin hanya. Shi kansa rahoton San Diego ya nuna cewa yaran da ke da maki mai kyau a aji suna can ƙasa a jarrabawar fahimtar karatun Turanci. A sakandaren Amurka ɗalibi ne ke zaɓen darussansa tare da wani jami'i mai ba da shawara, wanda sau da yawa ɗaruruwan yara ke wuyansa. Akwai darussan da ke kai mutum jami'a, akwai masu sauƙi waɗanda iyakarsu takardar gama sakandare. An bar yaran Hmong da yawa shekara da shekaru a ajin koyon Turanci ko a ajin masu rauni, saboda ba su da hayaniya kuma ba wanda ya zo ya yi magana dominsu. Uba yana ganin maki mai kyau yana murna, bai san ƙofar jami'a ta rufe tun daga aji na 9 ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Wani abin da ya ƙara ɓoye matsalar shi ne yadda hukumomi ke haɗa dukan ƴan Asiya a lissafi ɗaya, sai nasarar ƴaƴan likitoci da injiniyoyi daga Indiya da Koriya ta lulluɓe halin da ƴaƴan manoman Lawos ke ciki.

Na biyu, yankewar harshe tsakanin uba da ɗa. Masaniya Stacey Lee ta daɗe tana zama cikin wata sakandare a jihar Wiskonsin, ta fitar da littafinta a 2005. Ta ga ɗaliban Hmong sun rabu biyu: waɗanda aka haifa a Lawos ko a sansani suka zo da wayonsu, da waɗanda aka haifa a Amurka. Na farko suna riƙe da harshe da biyayya, amma Turancinsu yana da rauni. Na biyu Turanci ya zauna a bakinsu, amma da yawansu sun fara jin kunyar uwayensu, a makaranta kuma ba a ɗauke su cikakkun ƴan ƙasa ba, wasu suka fara gudun aji. Uwayen da suka ga haka sai tsoro ya kama su, musamman da yake a shekarun 1990 gungun ɓata-gari sun ja wasu samarin Hmong. Suka ƙara tsanani, suka hana fita, suka hana wasanni da ƙungiyoyin makaranta, waɗanda a Amurka suna cikin abin da jami'a ke dubawa. Amma tsananin da ba hira cikinsa nesanta yaro yake yi. Alejandro Portes da Rubén Rumbaut, a littafinsu na 2001 a kan ƴaƴan baƙi, sun nuna cewa haɗari yana ƙaruwa a gidan da yaro ya saki harshen gida tun uwayensa ba su kama na gari ba, kuma yaran da suka riƙe harsuna biyu sun fi zama lafiya da uwayensu, sun fi dogon buri a karatu. Duk ƙarfin uban Hmong a bakinsa yake, ranar da ɗansa ya daina fahimtar maganarsa kuwa, ya rasa abin da zai riƙe shi da shi.

Na uku, nauyin da ke kan ɗiya mace. Ita ce ke dafa abinci, ta yi rainon ƙanne, ta raka uwa asibiti ta yi tafinta, sa'an nan ta buɗe littafi. Ray Hutchison da Miles McNall sun ba da rahoto a 1994 cewa cikin ɗaliban Saint Paul da suka bi, fiye da rabin ƴan matan Hmong sun yi aure kafin su gama sakandare. Sun kuma lura cewa mafi yawansu ba su bar makaranta ba, domin dangi suna riƙe musu jarirai. Wata masaniya, Bic Ngo, ta ƙara haske a 2002, inda ta nuna cewa wasu ƴan matan ba tilasta musu aka yi ba, su suka zaɓi auren domin su huta da takurar gida da kaɗaicin makaranta. Ko ta wace hanya aka bi, hawa jami'a da goyo ba ƙaramin aiki ba ne.

Da uwaye suka taka ƙofar makaranta

Al'amura sun fara sauyawa sa'ad da Hmong suka gane cewa girmama malami bai hana tambayarsa ba. A 1991 aka zaɓi wata matashiya, Choua Lee, cikin majalisar kula da makarantun Saint Paul, ita ce kuma ƴar Hmong ta farko da ta ci zaɓen wani muƙami a Amurka. Makarantu suka fara ɗaukar ma'aikata ƴan Hmong masu shiga tsakani, waɗanda ke kiran uwa a waya da harshenta, su bayyana mata ma'anar darussan da aka zaɓa wa ɗanta. Gidajen rediyon Hmong da ƙungiyoyin zuri'a suka zama wurin yaɗa labarin tallafin karatu da ranakun rufe karɓar takardu. A 2004 aka buɗe makarantu biyu da Hmong suka kafa da kansu da kuɗin gwamnati, ɗaya a jihar Minesota, ɗaya a Milwaukee. A 2006 hukumar makarantun Saint Paul ta fara koyar da ƴan firamare da Hmong da Turanci tare.

An ga amfanin wannan a 2004, lokacin da Amurka ta fara kwaso kimanin mutum 15,000 da suka yi shekaru suna fakewa a harabar wani wurin ibadar mabiya Buddha a Tailan, mai suna Wat Tham Krabok. Su ma da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba, amma sun tarar da malamai da tafintoci ƴan ƙabilarsu suna jiransu, da azuzuwa na musamman da aka shirya wa yaransu. A 2016 jihar Minesota ta yi dokar da ta sa a riƙa rarrabe sakamakon ɗalibai ƙabila ƙabila, domin kada a sake ɓoye masu rauni a bayan masu ƙarfi. A 2024 kuma jihar Wiskonsin ta wajabta koyar da tarihin Hmong a makarantunta.

Alƙaluma sun bi sawu. Bisa lissafin cibiyar bincike ta Pew, a 2019 kimanin kashi 23 cikin 100 na manyan Hmong suna da digiri, talauci kuma ya sauko zuwa kimanin kashi 17. Mata, waɗanda a 1990 suke can baya, sun kamo maza a yawan digiri wajen 2010. Mee Moua, wadda aka haifa a Lawos a 1969 ta zo Amurka tana yarinya, ta karanta shari'a, aka zaɓe ta cikin majalisar dattawan Minesota a 2002. Kao Kalia Yang, wadda aka haifa a sansanin Ban Vinai a 1980, ta yi shekaru ba ta buɗe baki da Turanci a aji, yau marubuciya ce sananniya, kuma littafinta na 2016 a kan mahaifinta ne, ma'aikacin masana'anta mai tsara waƙa da ka. Duk da haka tafiya ba ta ƙare ba, domin a 2019 kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan Amurka ke da digiri, a cikin ƴan Asiya kuwa fiye da rabi, kuma yanzu hankalin dattawan Hmong ya fi tashi a kan samari maza da ake bari a baya.

Abin da magidanci zai riƙe

Ya ku uwaye, duk wanda ɗansa ke karatu da harshen da shi bai iya ba zai ga kansa a wani wuri cikin wannan labari. Uwayen Hmong sun nuna cewa rashin karatu bai cire hannun uba daga karatun ɗansa ba: burin da ya furta, da lokacin da ya tsare, da dangin da ya gayyato, su suka ɗauki dubban yara har ƙarshen sakandare. Sun kuma nuna, da wahalar da suka sha, abubuwa biyu da buri kaɗai ba ya maye gurbinsu. Ɗaya shi ne harshen gida, wanda in ya yanke nasiha ba ta da hanyar shiga. Ɗayan shi ne sanin yadda makarantar take aiki: wane reshe aka sa yaro, ina yake kaiwa, wace jarrabawa ke gaba, wa ke yanke shawara. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an je an tambaya, ko da za a ɗauki maƙwabci ko wani babba cikin dangi ya yi tafinta, ba yaron da ake magana a kansa ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma malamin kirki ba ya jin haushin uban da ya zo tun farkon shekara ya ce a nuna masa inda ɗansa ya dosa.